Dariya Ba Ta Hana Gano Ɓarawo

Ruwa ba ya tsami banza, in ji masu iya magana. Duk littafin da ka ga ɗalibai suna gardama a kansa har a layin karɓar abinci, to lalle akwai abin da ya taɓa musu a zuci. A zangon karatun nan wani ɗan littafin Turanci ya raba kan masu karatu a makarantarmu. Kwafi ɗaya ne tak, ya yi ta yawo daga wannan ɗakin kwana zuwa wancan har bangonsa ya yage. Waɗansu suka ce ba su taɓa karanta mai daɗinsa ba, waɗansu suka ce shirme ne, waɗansu kuwa da suka tafi hutu da labarinsa suka komo da faɗan iyaye. Ni dai ina cikin masu goyon bayansa, kuma ina roƙon 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu su ba ni aron kunnuwansu in faɗi dalilina.

Sunan littafin The No. 1 Ladies' Detective Agency, watau Ofishin Bincike na Mata Mai Lamba Ɗaya. Wanda ya rubuta shi sunansa Alexander McCall Smith. An haife shi a Bulawayo, cikin ƙasar da ake kira Zimbabuwe yanzu, a shekarar 1948, ya kuma daɗe yana koyar da ilmin shari'a a jami'ar Edinbara. Littafin ya fito a 1998, daga baya marubucin ya ci gaba da labarin har littattafan suka haura ashirin.

Kafin in shiga gardamar, bari in bayyana irin wannan littafi ga wanda bai taɓa karanta shi ba. Turawa suna da labaran bincike iri iri. Akwai masu cike da bindiga da jini da tseren motoci. Akwai kuma masu sanyi, waɗanda ake yi a ƙaramin gari inda kowa ya san kowa, mai binciken ba ɗan sanda ba ne, ba ya riƙe da makami, hankalinsa kaɗai yake aiki da shi, kuma marubucin yana ba ka dariya yana tafe da kai har a gano mai laifi. Wadda ta fi shahara da wannan iri ita ce Agatha Christie ta Ingila, wadda ta rasu a 1976. A 1930 ta fitar da littafinta na farko mai ɗauke da wata tsohuwa, Miss Marple, 'yar ƙauye mai saƙa, wadda take gano abin da ya gagari 'yan sanda don kawai ta san halin mutane. Littafin da muke magana a kansa jikan wannan tsohuwa ne, sai dai shi a Afirka aka kafa shi.

Labarin wata mata ce a ƙasar Botswana, sunanta Precious Ramotswe, ana kiranta Mma Ramotswe. Kalmar Mma a harshensu kamar yadda muke cewa Inna ce ko Uwargida. Mahaifinta ya ƙare ƙuruciyarsa a ramin haƙar ma'adinai a Afirka ta Kudu, ƙura ta cinye masa huhu, ya tara abin da ya samu ya sayi shanu. Da ya rasu ya bar mata garken, ita kuwa ta sayar ta buɗe ofishin bincike a Gaborone, babban birnin ƙasar. Kayan aikinta su ne tebur da tarho da butar shayi da wata 'yar farar mota mai yawan ciwo. Tana da sakatariya, Mma Makutsi, wadda ta ci maki 97 cikin 100 a makarantar koyon buga tafireta, da kuma wani makanike mai kirki, Mista J.L.B. Matekoni, wanda yake gyara mata motar yana kuma ɓoye sonta a ransa.

Ga misalin aikinta guda. Wata ma'aikaciyar banki ta kawo kuka, ta ce wani dattijo ya zo ya ce shi ne ubanta da ya ɓace tun tana jaririya, ta karɓe shi, ga shi yanzu ya share wuri ya zauna, sai ci da kwanciya, ita kuwa zuciyarta ba ta yarda da shi ba. Mma Ramotswe ba ta kira 'yan sanda ba. Sai ta ari tufafin nas ta sa, ta je gidan a guje, ta ce wa dattijon 'yarsa ta yi haɗari, ana neman jini mai yawa, kuma sai na ubanta zai yi, amma fa mai bayarwa yana iya rasa ransa. Nan take gogan naka ya ce shi ba ubanta ba ne. Ramin ƙarya ƙurarre ne. A wani wurin kuma ta gano wani mutum da yake neman diyyar yatsansa daga masu masana'anta, alhali ya riga ya taɓa karɓar diyya a kan wannan yatsan.

To, yanzu ga ra'ayoyin masu karatu. Na kasa su kashi uku.

Kashi na farko su ne abokanmu masu son faɗa. Suka ce wane irin bincike ne wannan, babu harbi, babu dambe, jarumar kuma mace ce mai jiki, ba ta da aiki sai shan shayi da hira? Waɗannan sun saba da finafinan Indiya da na Amurka, inda mutum ɗaya yake kayar da arba'in. Amsata gare su ita ce, su duba garuruwansu da kyau. Wa ya fi sanin abin da ke gudana a unguwa, ƙaton da ke zaune a bakin kasuwa, ko kuwa dillaliyar da take shiga gida gida da tallan atamfa da kwanuka? Wa ya san gidan da aka yi baƙo da dare, da gidan da aka sayar da zobe a ɓoye? Mu a Tamawa, in abu ya ɓace a cikin gida, kafin mai unguwa ya ji, tsofaffin mata sun riga sun san inda aka nufa. Ba su taɓa dukan kowa ba. Suna saurare ne, suna tambaya kamar ba su damu ba, suna haɗa wannan magana da waccan. Shayin da Mma Ramotswe take ba baƙinta shi ne tarkonta, don mutum yakan saki baki a gaban wanda ya karrama shi fiye da yadda zai saki a gaban mai zare masa ido. Wannan jarunta ce ta ƙwaƙwalwa, kuma ta fi ta damtse wuyar samu.

Kashi na biyu su ne masu kishin ƙasa, kuma ina ganin girmansu. Suka ce Bature ne ya rubuta, ya mai da Afirka wuri mai sanyi kamar ba a shan wahala, sa'an nan da ya tashi kawo macuci sai ya ɗauko ɗan Nijeriya. Gaskiya ne akwai wani likita ɗan ƙasarmu a littafin, wanda yau ya yi aiki kamar gwani, gobe ya kasa ɗaure ciwo, ashe tagwaye ne suke amfani da takardar shaida ɗaya, ɗaya likita ɗaya ba likita ba. Wannan wuri bai yi mini daɗi ba ni ma, kuma ba zan ce kowa ya haɗiye shi ba. Amma in an bi ta ɓarawo a bi ta mabi sawu. Macutan da ke cikin littafin yawancinsu 'yan Botswana ne, masu kirkin ma haka. Marubucin ya zauna a ƙasar, ya koyar a jami'arsu, ya kuma rubuta mutanenta da mutunci, suna gaisuwa, suna girmama tsofaffi, suna ƙaunar shanunsu kamar yadda muke ƙaunar namu. Labaran Afirka da ake bazawa a duniya yawancinsu na yaƙi ne da yunwa. In wani ya nuna cewa a nahiyar nan akwai mace mai hankali da take zaune lafiya tana warware matsalar maƙwabtanta, bai yi ƙarya ba. In kuwa muna ganin bai faɗi namu daidai ba, alƙalami bai ƙare a kasuwa ba.

Kashi na uku su ne iyayenmu, kuma maganarsu ita ce mafi nauyi. Waɗansu sun ce karatun labari ɓata lokaci ne ga mai jarrabawa a gabansa. Wannan mai sauƙin amsa ce, don wanda ya karanta littafin Turanci mai shafi ɗari biyu don kansa, babu bulala, ya koyi Turancin da darasi goma ba su ba shi ba. Amma akwai wadda ta fi wannan. Wani abokina ya ce da ya ba mahaifinsa labarin, sai dattijon ya yi shiru, can ya ce, "Ɗana, mu da ake kore mana shanu da dare, har sata ta zama abin dariya?"

Ya ku iyayenmu, wallahi mun san abin da kuke nufi. Ba mu manta ba. Muna firamare a watan Disamba na 2020 lokacin da 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, har gwamnati ta rufe makarantun kwana na jihar nan. A 2021 aka datse layin waya a ƙananan hukumomi da dama, har da Dutsin-Ma da Kurfi, aka kuma taƙaita cinikin dabbobi. Mun ga mutanen da suka baro ƙauyukansu da ƙunshin kaya a ka. Babu ɗalibin da ya fito daga wannan yanki da zai yi wa wannan dariya. Littafin ma bai yi ba. A cikinsa akwai wani yaro ɗan malamin makaranta da ya ɓace, ana tsoron matsafa ne suka ɗauke shi. Duk inda aka zo kan wannan magana, raha takan ɗauke ɗif, Mma Ramotswe kanta tsoro yake kama ta. Ba zan faɗi ƙarshensa ba don kada in ɓata wa masu jiran layi. Abin da nake so a lura da shi shi ne, marubucin ya san abin da ake yi wa dariya da abin da ba a yi wa. Yana dariyar kwaɗayin dattijon da ya ari 'ya don ya ci tuwo, da wautar mai sayar da yatsa ɗaya sau biyu. Hawayen uban da ɗansa ya ɓace kuwa bai taɓa su ba.

Kuma a nan ne nake ganin amfanin littafin gare mu ya fi na waɗanda suke zaune lafiya. Masifar da ta same mu ta zo da ƙanwarta, sunanta zargi. Maganin mai bindiga yana hannun hukuma da jami'an tsaro, ba shayi ne zai kore shi ba, kuma babu mai hankalin da zai ce haka. Zargi kuwa a cikinmu yake kwana. Yau in mutum ya yi sabuwar riga sai a ce ina ya samu. In ya fita gari ya amsa waya sai a ce infoma ne. In baƙo ya sauka da harshen da ba namu ba sai a bi shi da ido. Kowa ya ji labarin wuraren da aka yi wa mutum ihun ɓarawo, aka taru aka yi masa rotse, daga baya aka gane ba shi ba ne, alhali rai ba ya dawowa. Kakanninmu sun ce zato zunubi ko da ya zama gaskiya, amma tsoro ya sa mun fara mantawa.

Kada mu yi nisa, mu duba ɗakunan kwananmu. Sau nawa ake buɗe akwatin wani a kwashe masa sukari da garin kwaki da ƙuli-ƙuli? In haka ta faru, me muke yi? Sai siniya ya tara 'yan aji ɗaya, ya dubi wanda ya fi kowa yagaggiyar riga, ko wanda ba shi da yaya a makaranta, ya ce kai ne. A sa shi kamun kunne, a zaro bel. Yaron da aka doka sosai zai amsa laifin da bai yi ba, don a ƙyale shi. Shi ke nan an sami ɓarawo, sunan ya bi shi har ya gama makaranta, na gaskiyar kuwa yana kan gadonsa yana lasar sukari.

Wanda ya saba karanta labarin bincike ba ya saurin yarda da wannan shari'a. Littafin ya riga ya koya masa, sau goma ko fiye, cewa wanda aka fara zargi galibi ba shi ba ne. Ya koya masa tambayoyin da ake yi kafin a ɗaga hannu. Yaushe aka ga kayan na ƙarshe? Wa ya rage a ɗaki lokacin da aka tafi firef? An fasa kwaɗon ne ko da mabuɗi aka buɗe? In da mabuɗi ne, wa ya san inda ake ajiye shi? Wanda ya ce ya gani, da idonsa ya gani ko ji ya yi? Gani ya kori ji. Waɗannan tambayoyi su ne alƙali nagari yake yi, su ne mai bin sawu yake yi wa ƙasa in an kore akuya. Mu ne za mu zama masu unguwa da 'yan sanda da alƙalai na gobe. In muka tashi da ɗabi'ar duka kafin tambaya, haka za mu yi mulki.

To ina amfanin dariyar a ciki? Amfaninta shi ne tana kwantar da zuciya har hankali ya sami wurin aiki. Mai fushi ba ya bincike, hukunci yake yankewa. Sa'an nan dariya tana tuna mana cewa mai ƙaramin laifi mutum ne kamarmu, kwaɗayi ko wauta ce ta ja shi, ana iya kunyata shi ya gyaru ba sai an karya shi ba. Mma Ramotswe ba ta cika kai mutane gaban hukuma ba. Dattijon nan cewa ta yi ya tattara nasa ya nasa ya koma garinsu. Haka dattawanmu suke yi a zaure, a kira mutum a keɓe, a nuna masa an gane, ya mayar da kayan, a rufa masa asiri saboda 'ya'yansa.

Kada kuma wani ya ce haɗa raha da labarin ɓarayi baƙon abu ne da Turawa suka kawo mana. A gasar rubutun Hausa da aka yi a 1933, ƙarƙashin Rupert East a Zariya, cikin littattafan da suka yi nasara akwai Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, wanda labarin ɓarayi ne da dabarunsu. Akwai kuma Ruwan Bagaja na Alhaji Abubakar Imam, wanda ya yi karatu a Kwalejin Katsina ya kuma koyar a Midil ta Katsina. Wane ne a cikin iyayenmu bai yi dariyar yadda Alhaji Imam da Malam Zurƙe suke cutar juna ba? Wa ya manta Kalalatu ta Magana Jari Ce, wadda ta cinye kajin baƙo ta kuma sa mijinta ya bi shi da wuƙa a hannu? Waɗannan littattafai aka karantar da iyayenmu da su a aji, ba su kuwa zama macuta ba. Sun dai koyi gane macuci tun daga nesa. Daga baya, a 1982, marubutan Katsina suka fito da labaran laifi masu zafi, Bature Gagare da Ƙarshen Alewa Ƙasa, Sulaiman Ibrahim Katsina da Turmin Danya mai maganar fasa-ƙwauri da cin hanci. Ashe muna da gadon raha, muna da gadon labarin laifi. Abin da nake marmarin gani shi ne a haɗa su wuri ɗaya, a ba mu mai bincike namu na gida, da Hausa. Littattafan da suka cika kasuwanninmu yawancinsu na soyayya ne. Ban raina su ba, amma miya ɗaya kullum takan gundura.

Ku ɗauka a Tamawa ne, saura kwana uku Babbar Salla, ragon Liman ya ɓace daga turke. Gari ya ɗauka, kowa ya ce wani baƙon ɗan ci-rani ne, har samari sun fara neman sanduna. Sai wata dillaliya ta ɗauki tallanta ta shiga gidaje kamar kullum. A gidan farko aka gaya mata karen maƙwabta bai yi haushi ba daren jiya, ta ce a ranta ashe wanda ya kwance ragon sananne ne. A gida na uku mai sayar da dusa ta yi mata ƙorafin cewa wani ya karɓi kwano biyu bashi, alhali kowa ya san ko kaza ba ya kiwo. Wa zai ajiye wannan labari bai kai ƙarshe ba? Ga dariya, ga wasa ƙwaƙwalwa, ga kuma ran baƙo da aka ceta ba tare da an yi wa kowa wa'azi ba. Kayan haɗin duk suna nan a gabanmu: sarkin fawa da ya san fatar kowace dabba, 'yan kamasho na tasha da ba abin da ke wuce su, mai shayi da kowa ke zama a bencinsa, masu kamun kifi a dam ɗin Zobe. Marubuci kawai ake jira.

Saboda haka ina da roƙo. Iyayenmu, in kun ga ɗanku da irin wannan littafi, kada ku ƙwace. Ku ce ya ba ku labarin da Hausa bayan sallar lisha, ku ji ko zai iya, ku kuma gwada ko za ku riga shi gano mai laifin. Malamanmu, a taimaka a ƙara mana irinsu a laburare, don kwafi ɗaya ba ya isar ɗaruruwan ɗalibai. 'Yan'uwana kuwa, musamman mu da muke shirin zama manya a makaranta, ranar da aka kawo mana ƙarar sata, mu ajiye bel mu fara da tambaya, matambayi ba ya ɓata. Wanda kuma Allah ya ba baiwar rubutu, ga filin Hausa na mujallar nan a buɗe, ya gwada mana labarin dillaliya da ragon Liman a fitowa ta gaba.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mayar da waɗanda suka bar gidajensu, ya kawo mu lokacin da babbar satar da za a yi a Kurfi da Dutsin-Ma ba za ta wuce ta ƙuli-ƙuli ba. Amin.